Tiraka a motocin kaya da baburan yaran shago, ga yadda na same ta

Masu tambaya ko tirakar nan da ake saka wa mota don a riƙa ganin inda take daga waya tana aiki ko kuwa cin kuɗin mutane ne kawai, amsa a taƙaice tana aiki, amma fa ba irin aikin da masu tallarta suke zuzutawa ba, kuma rabin aikin ma ba a cikin ɗan akwatin yake ba, yana jikin layin wayar da ke cikinsa da kuma mutanen da suka saka maka. Ni harkar raba kayan masarufi nake yi, muna ɗauko kaya daga kasuwar Singa mu kai wa masu shaguna a cikin gari da wajen gari, Wudil, Gaya, Bichi, Dambatta, wani lokacin har Kazaure da Daura. Akwai ƙananan motocin kaya, akwai a-kori-kura, akwai kuma baburan yaran da ke zagayawa karɓo oda da kuɗi. Kusan duka na saka musu a wajen wani kamfani a nan Kano, ba zan kama suna ba don ba talla aka biya ni ba, kuma akwai inda zan ɗan taɓa su.

Da yawa suna zaton wai tauraron ɗan adam ne yake leƙen motarka daga sama yana turo maka labari. Ba haka bane. Akwatin bai fi kwalin ashana biyu ba, a cikinsa abu biyu ne, mai kama siginar GPS da kuma layin waya irin wanda ke wayarka. Taurarin GPS ɗin na gwamnatin Amurka ne, suna can sama nisan kilomita wajen 20,000, su dai aikinsu watso sigina kawai basu ma san da zaman motarka ba, na'urar ce take kama siginar aƙalla guda 4 daga cikinsu ta lissafa inda take, sababbin ma har suna haɗawa da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. To bayan ta gane inda take sai ta yi amfani da data ta tura wa babbar kwamfutar kamfanin, daga can manhajar da ke wayarka ta ɗauko ta nuna maka a taswira. Kaga kenan GPS ɗin kyauta ne ba mai cajinka ko sisi, abin da kake biya duk shekara kuɗin data ne da kuɗin zama a kwamfutarsu. Kusan duk matsalar da zan faɗa a gaba daga wannan sarƙar take fitowa.

Inda ta burge ni dai wajen mai ne da lokaci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, duk mai motar haya ko ta kaya yasan lissafi ya canza, abin da da ake kau da kai a ce ai ɗan na goro ne yanzu ya zama shi ne ribar gaba ɗaya. A manhajar akwai wajen da zaka koma baya ka kalli duk zirga-zirgar motar ta ranar, daga inda ta tashi, ƙarfe nawa aka kunna ta, ina ta tsaya, minti nawa ta yi a tsaye, kuma inji a kunne ne ko a kashe, sannan a ƙasa ta haɗa maka kilomita nawa aka ci. Wallahi wannan kaɗai ya isa kuɗinsa. Mota ta kai kaya Dambatta, maimakon ta juyo sai kaga ta miƙe ta shiga wani ƙauye ta tsaya ta dawo ta Dawanau ta sake tsayawa, ka san an yi lodin hatsin wani an sauke masa da manka. Kabu-kabu kam ba yau direbobi suka fara ba kuma ni ban ce a hana su gaba ɗaya ba, mota ta dawo ba kaya ma ai asara ce, amma yanzu sai a faɗa min a raba, ba a ci da mai na a ce min go-sulo ne ya riƙe su a Kurna ba.

Sai dai abin da ban yi tsammani ba, ta fi wanke direbobi akan kama su. Akwai wani dattijo a cikinsu da muke ce wa Baba, wani kwastoma ya kira ni yana ta faɗa wai har la'asar ba a kawo masa kaya ba, na buɗe waya sai ga motar ta yi sama da rabin awa a ƙofar shagonsa tun kafin azahar, ashe shi ne ya rufe ya tafi ɗaurin aure. Baba ya ce min Alhaji da babu wannan abin naka ai yau da ni ne maƙaryaci. Haka kuma da na zauna na duba na sati-sati sai na ga mafi yawan lokacin da ke tafiya ba a hanya yake tafiya ba, a wajen lodi ne, mota ta shiga kasuwa da safe ta maƙale tana jiran 'yan dako da layin sito har rana ta take. Daga nan muka koma haɗa kayan gobe tun yau da yamma. Wannan gyaran ba wanda ya faɗa min shi a ranar da ake min tallar na'urar, su maganar ɓarayi kawai suke yi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu amfani, zaka iya zana da'ira a taswira ka ce in mota ta fita daga nan a turo min alat, zaka iya sa iyakar gudu, in an cire batir ko an yanke wayar na'urar tana turo saƙo don tana da ɗan ƙaramin batirinta na ciki da zai riƙe ta na ɗan lokaci. Alat ɗin gudu ni na rage shi don damuna yake yi, titin Haɗeja kaɗai sai wayarka ta yi ta ƙara kamar ana biki.

Batun kashe mota daga waya shi ne abin da kowa yake so a nuna masa, kuma eh yana yi. Rewaya ne zai haɗa wani ɗan makunni a wayar famfon mai ko ta makulli, in ka tura umarni sai ya yanke. Amma ku ji da kyau, masu kyau daga cikin na'urorin basa yankewa sai gudun motar ya sauko ƙasa sosai, wajen kilomita 20 a awa, kuma haka ya kamata, don ka kashe mota tana tsaka da gudu a titin Zariya da tirela a bayanta ai ba ɓarawo kaɗai zaka kashe ba. Ka tambaya kafin a saka maka ko taka tana da wannan kariyar. Sannan in rewayan bai iya aiki ba wannan makunnin shi zai zame maka ciwon kai, a ɗaya daga cikin motocina haɗin da yaron kamfanin ya yi ya saki, mota ta riƙa mutuwa haka kawai a hanya, makanike ya canza fulogi ya wanke kafireto duk a banza kafin a gano daga inda abun yake. Sun zo sun gyara kyauta, amma sai da na yi ta kira.

To yanzu inda take ba da haushi. Sabis. Duk inda wayarka bata da sabis to tirakarka ma kurma ce. Ita ta san inda take don GPS baya buƙatar layi, amma bata da yadda zata faɗa maka. In mota ta bi ta dajin Falgore a hanyar Jos ko ta shiga wasu ƙauyukan ciki sai kaga ta daskare a wuri ɗaya a taswira, kai kana nan gabanka na faɗuwa ko an tare su ne, can sai ta ɓullo a gaba ta turo duk abin da ta ajiye lokaci guda. Wato bayanan basu ɓace ba amma maganar wai kana ganin motarka kai tsaye a kowane lokaci bata tsaya ba. Ko a cikin gari ma ba kai tsaye bane ɗari bisa ɗari, tana turowa ne duk bayan daƙiƙa 10 ko 30 gwargwadon yadda aka saita ta, in mota tana tsaye kuma ta fi haka jinkiri don a rage cin data. Kuma ku tuna a watan Satumbar 2021 da gwamnati ta sa aka kashe layukan waya a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk mai tiraka a wannan yankin a lokacin ƙarfe kawai yake ɗauke da shi a mota. Inda aka fi buƙatarta nan ne ta fi saurin yin shiru, wannan gaskiyar masu sayarwa basa son faɗa.

Masu tsallaka iyaka kuma, Maraɗi ta Jibiya ko Damagaram ta Kwangwalam ko Maigatari, ku tambaya ko layin da ke ciki an buɗe masa aiki a wata ƙasa, in ba haka ba kana wuce boda ka ɓace.

Akwai wani abu kuma da yake rikita mutane. In mota ta shiga ƙarƙashin rumfar kwano mai kauri ko cikin babban sito, na'urar bata ganin sama, sai ta koma kintace da turakun sabis na kamfanin waya, shi kuma wannan kintacen yana iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci har ma fiye. A fili kuskuren GPS baya wuce 'yan mitoci kaɗan, amma a irin wannan halin sai ta nuna maka motarka a wata unguwa daban. Kar ka ɗauki waya ka hau direba da zagi kafin ka duba ko alamar GPS ce ko ta turke, manhajar tana nunawa in ka lura.

Babbar rigimata da kamfanin akan layi ce. Layukan da suka saka da sunan wa aka yi musu rajista? Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar NIN, kuma a 2024 an toshe layuka da yawa saboda haka. Biyu daga cikin tirakocina sun mutu a lokacin, na kira aka ce min wai matsalar sabis ce a jira, ashe layukan da sunan wani tsohon ma'aikacinsu aka yi su wanda ya bar aikin tuntuni, sai da aka sake kwance gaban mota aka canza layi. Bayan haka akwai dokar cewa layin da ya yi wata shida ba a yi komai na kuɗi da shi ba ana iya rufe shi, don haka motar da ta daɗe a gareji an cire batir ita ma a kula. Shawarata ka sayi layin da kanka da sunanka ko na kamfaninka ka basu su saka, ko aƙalla su rubuta maka lambar kowane layi da sunan da ke kansa. Kuma da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kuɗin sabuntawa na shekara shi ma ya tashi, wannan kam ban ga laifinsu ba, laifinsu shi ne basa tuna maka lokaci ya kusa, sai dai ka wayi gari manhaja ta rufe.

Ɗaga waya kuma sai a hankali. Da rana a ranar aiki suna amsawa, amma motar da za a sace ai ba ƙarfe goma na safiyar Talata ake sace ta ba. Na gwada kiransu da daddare haka kawai don in gani, ba wanda ya ɗauka. Duk kamfanin da zaka je ka fara gwada wannan kafin ka biya.

Lambar sirri. Don Allah ku canza. Da yawan waɗannan na'urorin daga Sin ake kawo su kuma suna zuwa da 123456, masu sakawa kuma basa damuwa su canza. A 2022 wani kamfanin binciken tsaron intanet mai suna BitSight ya fallasa cewa wata tiraka samfurin MiCODUS MV720 tana da ɓarakar da wani daga nesa zai iya ganin inda mota take har ya yanke mata mai, har hukumar tsaron intanet ta Amurka CISA ta fitar da gargaɗi a kai. Ka duba fa, ka sayi abu don tsaro ya zama duk wanda ya san lambar na'urarka yana ganin inda motarka take kwana. Kuma ka tambayi kanka mutum nawa ne a ofishin kamfanin suke iya buɗe asusunka.

Game da ɓarayi, ba zan yi muku ƙaryar cewa ta taɓa dawo min da mota ba don Alhamdulillahi ba a taɓa ɗauke min ba. Abin da na sani dai ɓarayin yanzu sun san da ita, sun san inda rewaya ya saba ɓoyewa, bayan mita ko ƙasan sitiyari ko ƙarƙashin kujera a babur, wasu ma suna yawo da na'urar toshe sigina. Dabarar da mutane suke yi ita ce a saka biyu, ɗaya mai waya a inda aka saba ɗaya mai batirinta a wani lungu daban, in sun cire ta farko su saki jiki. Kuma in ta nuna maka inda take kar ka kwashi yaran shago da gorori ku tafi, ka kai wa 'yan sanda.

Na baburan kuma a kula da batir, babur batirinsa ƙarami ne, in ya yi kwanaki a ajiye tirakar tana tsotse shi sai an buga kik. Maganar auna man da ke tanki da suke tallatawa ita kuma kayan aiki ne daban, sai an huda tanki an saka sanda mai aunawa an saita, ta fi dacewa da tirela da tanka, ni ban saka ba, da kilomita nake lissafi na.

Sai ɓangaren bin sawun ma'aikata, wanda a nan ne na fi samun ja-in-ja. Kamfanin sun bani wata manhaja da ake saka wa a wayar yaran da ke zagaya kasuwa don in ga ina suka je da shaguna nawa suka taka. A gaskiya bata kai ta mota ba ko kusa. Tana shan caji, ƙananan wayoyin Android suna kashe ta da kansu in ta daɗe a baya don su tanadi batir, yaro ya kashe data ya ce ta ƙare, wani ma ya nuna min akwai manhajojin da ke sa waya ta yi ƙaryar inda take. A ƙarshe abin da ya fi mana sauƙi shi ne wanda zai ɗauko kuɗi masu yawa ya turo min lokeshan ɗinsa na WhatsApp mai tafiya, akwai na minti 15 da awa 1 da awa 8, kyauta, kuma shi da hannunsa ya kunna.

Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne mutum ba mota bane. Mota tawa ce ina da ikon in san inda take dare da rana, wayar yaro kuwa tasa ce, da ita yake zuwa gidan su budurwarsa da asibitin mahaifiyarsa da majalisarsu, me ya kai ni sanin wannan bayan an tashi aiki? Wasu na'urorin ma har da ɗan makirufo, ka kira layin ka ji hirar da ake a cikin mota, yaron kamfanin yana min tallarsa yana murmushi kamar wani abin arziki, na ce ya cire. Addini ma ya hana bin diddigin sirrin mutane, yana nan a Suratul Hujurat, sannan akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma inda mutum yake yana cikin bayanansa. Ni tara su na yi na faɗa musu an saka, ga abin da nake gani ga abin da bana gani, wanda ke tafiya da babur gida da daddare kuma ya sani babur ɗin yana nunawa. Ɗaya ya ji haushi ya ce Oga wato ba ka yarda da mu ba kenan, na ce masa ranar da aka tare ka a hanya ta ina kake so in fara nemanka. Bai gamsu ba a ranar, yana nan dai har yanzu. Masu ba da adaidaita sahu balas da suke sakawa a ɓoye su jira direba ya makara da biya su kashe masa inji da fasinja a ciki, wannan kam ban ga kyansa ba, a faɗa masa tun ranar da aka ba shi makulli.

Wani abokina mai babban sito ya tambaye ni ko zata yi masa aiki wajen sanin inda janareta da kurar ɗaukar kaya da sauran kayan aiki suke a cikin gini. Ba zata yi ba, GPS sai a fili. Na cikin gini tsari ne daban, ana liƙa ƙananan alamomi masu Bluetooth ko RFID ko UWB, wato nau'o'in siginar da ke aiki a kusa-kusa, a jikin kaya ko katin wuyan ma'aikata sannan a kafa masu karɓar sigina a bango, manyan asibitoci da masana'antu a ƙasashen waje suke amfani da shi, na UWB yana iya nuna abu da kuskuren da bai kai rabin mita ba, amma yana son wuta da intanet da basa ɗaukewa da kuɗi masu kauri. Shi kuwa AirTag na Apple da ya fito a 2021, wanda wasu ke jefawa a cikin mota a matsayin tiraka mai arha, bashi da GPS bashi da layi, yana jira ne wata iPhone ta gitta kusa da shi ta kai labarinsa. A Zoo Road ko Nasarawa zai yi magana, a ƙauyen da kowa ke riƙe da ƙaramar waya kuwa sai ya wuni shiru, kuma an yi shi yadda zai sanar da wanda yake tafiya da shi cewa ana binsa, har ƙara yake yi. Batirinsa dai yana kai shekara, don jaka ko makulli ba laifi.

Kuɗi ban faɗi adadi ba don yana bin dala, abin da na biya bara ba shi bane yau. Ka dai sa su rarrabe maka uku, kuɗin na'ura, kuɗin sakawa, da kuɗin shekara, don wasu suna karya na farko su rama a na ƙarshe. Ka tambaya 2G ce kawai ko tana da 4G, masu arhar yawanci 2G ne. Ka tambaya tarihin tafiya wata nawa suke ajiyewa. Ka tambaya in ka bar su na'urar zata iya komawa wani kamfanin ko sun kulle ta.

Ni dai na sabunta na motocin kaya da a-kori-kura duka, na baburan ma haka banda guda ɗaya da ya tsufa bai kai a kashe masa kuɗi ba, manhajar wayar yara kuma na ce su goge. Mai mota ɗaya da shi ke tuƙa abinsa yana kwana da ita a gida zai iya haƙura ya sayi makullin sitiyari mai kyau, amma in kana da mota biyu zuwa sama a hannun wasu kuma kai ke zuba mai, ka saka, layin dai ya zama da sunanka.